Majinginin kai yana tura maka ƙeya: juya shi za ka yi, ko filo, ko gyaran zama?

Kusan shekara goma na yi ina zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna da wata tsohuwar mota ƙirar 2003, wuyana bai taɓa damuna ba. Da Allah ya hore mini na sauya, sai na sayi 'yar Kwatano ƙirar 2013, irin waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka. A tafiyar farko, tun kafin Kwanar Ɗangora na fara jin kamar an ɗora mini bulo a tsakanin kafaɗu. Kafin Zariya ciwon ya hau ƙeya. Da na tsaya sallar La'asar, wajen sallama sai da na juya da kafaɗata gaba ɗaya, don wuyan ya ƙi juyawa shi kaɗai.

Na zargi filon da nake kwana a kai, na zargi sanyin esi, har man zafi na sa aka shafa mini. Sai da aka yi mako uku ana haka kafin na lura ciwon ba ya zuwa sai ranar da na daɗe a kan sitiyari. Rannan ina tsaye a danja na kai hannu bayan kaina, sai na ji majinginin nan na saman kujera, wanda bakanikai ke ce wa hedires, ya tokare mini ƙeya ya sunkuyar da haɓata. A tsohuwar motar tafin hannuna yana shigewa tsakaninsa da kaina har da rara. A wannan kuwa ko yatsa ɗaya ba ya samun wuri.

Da na kai wa bakanikena kuka ko mamaki bai yi ba. "Alhaji, ai duk masu motocin bayan nan haka suke fama. Kawo in juya maka shi, ba ya cin minti ɗaya. In ba ka so, mu cire shi gaba ɗaya, ko in kai wa mai walda ya ɗan tanƙwara ƙarafan." Yaronsa da ke gefe ya ce shi dai a ganinsa filon wuya zan saya, irin wanda ake talla a danja. Hanya huɗu ke nan a tsayuwa ɗaya, kuma kowacce akwai masu rantsuwa da ita. Akwai wasu biyu da ba su ambata ba: gyara zaman kansa, da musanya majinginin da wani. Cikin shidan na gwada huɗu da jikina, biyu kuma na ƙi taɓawa.

Kafin a auna su sai an san aikin abin, domin siffarsa ce ke ruɗar mu har muke ɗaukarsa filo. Ba don ka kwantar da kai ka huta aka sa shi ba, an sa shi ne don ranar da wani zai buge ka ta baya. Ka tsaya a shingen jami'an tsaro, ko ka taka birki saboda rami, na bayanka yana duba waya. In ya dake ka, kujera ce ke fara ingiza gangar jikinka gaba, shi kuwa kai, mai nauyin kusan kilo 5 a kan ƙasusuwan wuya bakwai, sai a bar shi a baya. Wuyan ya lanƙwashe, kan ya fizgu baya, sannan ya dawo gaba kamar an kaɗa bulala. Cikin ƙiftawar ido an gama, tun tsokar wuya ba ta farga ta ɗaure ba. Ba ya buƙatar gudu mai yawa. Bugun da bai wuce fasa fitilar baya ba yana iya barin mutum da ciwon wuya da ciwon kai na watanni. Abin da ke rage ɓarnar shi ne a tare kan da wuri, tun bai yi nisa da gangar jiki ba, shi ya sa tsawon majinginin da kusancinsa da ƙeya su ne komai.

Amurka ta wajabta shi a kujerun gaba na ƙananan motoci tun 1969, amma shekaru da yawa na jeka-na-yi-ka ne, gajere kuma nesa da kai. A 1995 cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshorar Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta fara auna majinginan motoci tana ba su maki, mafi yawansu kuma ba su ci ba. A ƙarshen 2004 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar, NHTSA, ta fitar da sabuwar ƙa'ida mai suna FMVSS 202a, wadda ta fara aiki a kan sababbin motoci daga Satumban 2009. Ta ƙara wa majingini tsawo, ta kuma ce tazarar da ke tsakaninsa da ƙeya a kujerar gaba kada ta wuce milimita 55, wato kamar faɗin yatsu uku. A Turai ma cibiyar gwajin kariyar motoci ta Euro NCAP ta shigar da gwajin bugun baya cikin makin da take ba motoci a 2009. Da yake yawancin motocin da ke shigo mana na hannu ne daga waɗannan ƙasashe, dokar da aka rubuta a Washinton ita ce ke zaune a ƙeyarmu a hanyar Zariya. Duk wanda ya tashi daga motar farkon shekarun 2000 ya koma ta 2010 zuwa sama yana iya jin bambancin tun a ranar farko.

Matsalar tana wajen awon. Ana auna tazarar ne da mutum-mutumi mai girman matsakaicin namiji, a kujerar da aka kwantar da bayanta kimanin digiri 25. Kamfani kuma ba ya son tsayawa a bakin iyaka, sai ya matso da majinginin fiye da abin da doka ta nema, ya karkato shi gaba. In kana zama kamar yadda mutum-mutumin ya zauna, lafiya lau. In kuwa kai mai miƙar da bayan kujera ne tsaye cak, kamar yadda gajeru da masu ciwon baya da masu son ganin hancin mota suke yi, to duk miƙewar da ka ƙara wa kujerar, majinginin yana ƙara kifowa kan ƙeyarka. Kai ya tafi gaba, haɓa ta sauka, sai ka riƙa ɗaga ido don ganin hanya. Tsokar bayan wuya da ta kafaɗa su ne za su riƙe nauyin nan a karkace har awa uku. Ɗauki galan ɗin ruwa ka manna a ƙirji, sannan ka miƙa hannu da shi gaba ka tsaya, za ka gane abin da suke sha.

Mu kuma muna da ƙarin abin da mutum-mutumin ba shi da shi. Ba ya sa hula, ba ya naɗa rawani, ba ya ɗaura ɗankwali. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, kullum tana tuƙi zuwa aiki. In ta tufke gashi a ƙeya ta ɗaura ɗankwali ta yafa mayafi, ƙullin kaɗai ya cinye yatsu ukun da doka ta bari har ya ci bashi. Mai sa acuci kuwa ba a magana. Abin da ke ba ni takaici shi ne bincike ya daɗe da nuna mata sun fi maza saurin samun raunin wuya a bugun baya, ga shi su ne abin ya fi takura wa har su ce a cire. Sai a 'yan shekarun nan wata injiniya 'yar Suwidin, Astrid Linder, da abokan aikinta suka ƙera mutum-mutumin gwaji mai siffar matsakaiciyar mace.

Don haka kowace hanya da ma'auni biyu nake auna ta: me za ta yi wa ciwon da kake ji kullum, me kuma za ta bar maka ranar da aka buge ka ta baya.

Cirewa ita ce mafi sauƙi kuma mafi muni. Ciwon zai tafi a ranar, ban musa ba, amma ka mayar da motarka zamanin kafin 1969, saman kujerar ya zama bakin da wuyanka zai tanƙware a kai. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Na san motocin haya da yawa a tashoshinmu ba su da shi, wasu an cire don a samu wurin kaya, wasu tun a hanyar shigowa suka ɓace, amma yawansu bai mayar da abin daidai ba. Haka nan wanda ya danna shi ƙasa can har ya tsaya a daidai wuya. In an yi bugu jiki yana ɗan hawa sama a jikin kujera, sai kan ya wuce ta saman majinginin ya lanƙwashe a kansa.

Tanƙwara ƙarafan ita ce ta biyun da na ƙi. An yi su ne don su ɗauki bugu. In an sa musu wuta ƙarfinsu ya canza, in an tanƙwara su a sanyi suna iya rauni a wajen tsagar makulli, kuma babu mai waldar da ke da na'urar gwada abin da ya rage musu. Sau da yawa bayan aikin majinginin ba ya ƙara hawa da sauka yadda ya kamata. Ba a mayar da shi yadda yake, in ka yi nadama sai sayen wani.

Juyawa ita ce ta fi jan hankali, kuma na yi ta, mako biyu cur. Gaskiya daɗin ba kaɗan ba ne, ranar farko na je Kaduna na dawo kamar ban yi tuƙi ba. Abu biyu na gani da idona suka sa na mayar da shi. Na sa ɗana ya auna tazarar da rula ina zaune yadda na saba tuƙi, sai ga ta ta haura santimita 12, ninki biyu da ɗoriya na abin da dokar ta yarda. Karkatar da a da take turo kai gaba, ita ce yanzu take gudun kan. Sannan tsagogin da makulli ke kamawa a gefe ɗaya suke na ƙarfen, da aka juya sai suka koma ɓangaren da babu makulli. Na ɗora tafin hannu na danna, majinginin ya zurma ƙasa sululu. Abin da hannuna ya iya turawa, kan da aka fizga da ƙarfin mota ba zai sha wahalarsa ba. Akwai motocin da makullinsu ke kamawa ko an juya, akwai kuma waɗanda karkatarsu kaɗan ce, tazarar ba ta buɗewa haka. Ko a nan ɗin, bayan majingini ba a yi shi don karɓar kai ba, kuma ba ta wannan fuskar aka gwada shi ba. In aka tsare ni aka ce lalle in zaɓa tsakanin juyawa da cirewa, zan ce a juya, a kuma tabbatar ya kulle. Amma ba zan kira shi magani ba, kuma ba zan yi wa matata ko ƙanwata ba.

Filo kuma kashi biyu ne, mutane sun fi sayen wanda bai dace ba. Na wuya, mai siffar ƙashi, da ake ɗaurawa da roba a jikin ƙarafan, shi aka fi gani. Manufarsa ya cike ramin da ke tsakanin wuya da kujera, kuma ga fasinja mai son gyangyaɗi yana da amfani. Ga direban da majingini ke tura wa kai, sau da yawa ƙara wa Barno dawaki ne: da ƙeya kaɗai ake turawa, yanzu har da wuya. Na sayi mai kauri, kwana uku na jefa shi cikin but. Ga kuma zafi. Soson nan mai lotsawa yana riƙe gumi, a watan Afrilu a Kano kafin ka kai inda za ka wuyan riga ya yi sharkaf. In za ka saya, nemi siriri mai laushi, wanda in ka jingina yake lotsewa har ƙeyarka ta taɓa majinginin, kada ya zama shi ne ya raba su.

Na baya shi ne ba a kulawa da shi, alhali ya fi hikima. Matsalar ai ita ce majingini ya yi wa bayan kujera gaba da yawa. To maimakon ka mayar da majinginin baya, sai ka matso da gangar jikin gaba kaɗan. Shimfiɗa mai kaurin yatsa ɗaya zuwa biyu, daga ƙugu har kafaɗa, tana buɗe wa ƙeya sarari daidai kaurinta, ba tare da an taɓa makulli ko ƙarfe ba. Sharaɗin shi ne ta kai har allon kafaɗa, ta zama mai ɗan tauri, kuma ta ɗauru kada ta riƙa zamewa. Guntun filo a ƙugu kaɗai wani aiki yake yi daban, gadon baya yake tallafewa. Shimfiɗar nan ta 'ya'yan katako mai kama da carbi, wadda direbobin haya ke sawa saboda iska, ita ma tana ɗan yin wannan aikin ba da niyya ba, sai dai santsi gare ta. A kiyaye abu ɗaya. Yawancin motocin bayan nan suna da jakar iska a gefen kujera, wadda ke kumbura ta tare mutum in an yi haɗari, za ka ga an rubuta SRS a ɗan ƙyalle ko a roba a wajen. Duk rigar kujera ko igiyar da ta rufe wannan gefen tana iya hana ta fita, don haka ka gaya wa mai ɗinkin kujera tun kafin ya yanka leda.

Hanyar da ta warkar da ni ba ta ci ko kwabo ba, kuma ita ce na fi rainawa da farko. Wani dattijon direba ne, wanda ya yi shekaru yana jan motar haya zuwa Maiduguri, ya leƙo ta taga a wajen wankin mota ya ga yadda nake zaune. "Ɗana, kai da kujerar nan faɗa kuke yi. Ka miƙar da ita kamar allo, sannan ka ja ta baya kana miƙa hannu. Tsaya in nuna maka." Na ce, "To Baba, bismillah."

Ya sa na tura ƙuguna can cikin kusurwar kujera, ba a bakinta ba. Ya matso da kujerar gaba har na iya taka birki ƙasa gwiwata na ɗan lanƙwashe. Ya ɗaga ta sama kaɗan don in ga hanya ba sai na leƙa ba. Sai ya kwantar da bayan da mataki biyu kawai, nan take na ji ƙeyata ta saki. Sannan ya kwance makullin da ke ƙarƙashin sitiyari ya jawo shi wajena, abin da ban taɓa sanin yana yi ba, na ɗauka hawa da sauka kawai yake. Ya tsayar da shi a inda in na miƙa hannu wuyan hannuna yake sauka a samansa, kafaɗata ba ta bar kujera ba. Daga ƙarshe ya ja majinginin sama har samansa ya yi daidai da saman kaina, ya sa na sake saita madubai a wannan zaman.

Kowanne da dalilinsa. Kwantar da bayan kujera yana mayar da ita kusa da karkatar da aka auna ta a kai, majinginin ya koma tsaye maimakon kifuwa. Amma in ka kwantar ba ka matso da kujera da sitiyari ba, za ka riƙa ɗago kafaɗa kana miƙa wuya kamar mai leƙen katanga, ciwon ya dawo ta wata ƙofa. Wannan shi ne kuskuren samarin da ke kwantar da kujera kamar gado. Tazarar ƙeyarsu ta fi ta wanda ya juya majingini, ga bel ba ya kama su daidai. Ɗagawar ma tana da sirri. In majingini yana ƙasa, bakinsa na sama, wanda ya fi turowa, shi ke dukan ƙeya. In an ɗaga sai ƙeyar ta faɗa inda ya fi faɗi da zurfi. Mutane da yawa in ya dame su sai su ƙara danna shi ƙasa, alhali sama ya kamata ya tafi. Madubin tsakiya kuma ya zama mai tsaronka: in ka fara zamewa kana ranƙwafawa za ka ga ba ka ganin baya sosai, sai ka gyara. Iyaka ɗaya ita ce kada ƙirjinka ya matsi sitiyari, a bar aƙalla santimita 25 saboda jakar iska. Kuma ba a buƙatar kai ya manne da majingini ana tuƙi, yatsu biyu zuwa uku a tsakani sun wadatar.

Ba kowa wannan ke wa aiki ita kaɗai ba. Mai gajeren hannu a motar da sitiyarinta ba ya fitowa, ko mai ciwon bayan da ba ya jure kwantar da kujera, zai iya yin duk wannan ya ji da sauran turi. Shi ne zai ƙara da shimfiɗar baya. Ƙanwata haka ta yi: mataki ɗaya a kujera, siririyar shimfiɗa, sannan ranar doguwar tafiya ta koma tufke gashinta ƙasa-ƙasa a kan wuya, ƙullin ɗankwalin kuma ta mayar da shi gefe. Ni ma in zan bar gari hular da ta yi tauri ina cire ta in ajiye a kujerar gefe.

Kafin ka kashe kuɗi duba abu biyu, musamman in motar ta hannu ce. Wasu majinginan, kamar na wasu motocin Ford da Hyundai da Kia, suna matsowa gaba mataki-mataki in an ja su, kuma ba sa komawa baya sai an ja su har ƙarshe an saki, ko an danna maɓalli a gefe. Mai wankin mota ko yaro ya ja shi gaba, kai kuma ka yi wata shida kana shan wahala a banza. Na biyun ya fi muhimmanci. Motoci da yawa da ake kawo mana an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari a Amurka, aka gyara. Akwai masu majinginin da ke harbowa gaba da kansa in an bugi motar ta baya, irin tsarin NECK-PRO na Mercedes da makamancinsa a wasu motocin Jeep da Dodge. In ya harba, a nan yake tsayawa sai an mayar da shi, mai gyaran bodi kuma ya gyara bamba ya yi fenti ya manta da shi. Alamarsa ita ce za ka ga majinginin ya rabe biyu, rabin gaba ya turo, ana hango roba da sifirin a tsakani. Wannan ba ƙirarsa ba ce, gyara yake nema, littafin motar kuma yana bayanin yadda ake mayar da shi. Irin waɗannan galibi akwai wayar lantarki a cikinsu, kada a fizge su da ƙarfi.

Musanya da wani majinginin tana tsaka-tsaki. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za ka same su tuli. Abin da ke da kyau shi ne ka dace da na irin motarka, ƙirarta ɗaya, amma na babban aji mai karkatawa gaba da baya, in akwai shi. Wannan zai shiga daidai ya kulle daidai. Na wata mota daban kuwa caca ce, domin kaurin ƙarafan da tazarar da ke tsakaninsu da wurin tsagogin duk sun bambanta, kuma shiga rami ba shi ne kullewa ba. Na gwada ɗauko na kujerar baya na sa a gaba, kamar yadda wasu ke yi. Ya fi miƙewa, ya kuma kulle, amma ko da na ja shi har ƙarshe bai wuce saman kunnena ba. Ga wanda bai kai ni tsawo ba da ya isa, ni kam bai ishe ni ba, ga shi na bar wanda zai zauna a baya ba kariya. In za ka saya, je da motar, ka sa, ka ji ƙarar kullewa, ka danna da ƙarfinka duka, ka kuma ja sama. Wanda ya motsa a bar wa mai shi.

Wanda bai riga ya sayi mota ba shi ke da zaɓi mafi faɗi. Yawancin kamfanoni hanya biyu suka bi. Wasu sun kafe majinginin kusa da kai dindindin, ya fi arha, ba abin da zai lalace, kuma shi ne ke jawo yawancin kukan. Wasu sun bar shi ɗan nesa, sai an yi bugu ya taso ya tari kai. Saab ce ta fara fito da wannan a 1997: akwai faranti a cikin bayan kujera, in jiki ya danne shi da ƙarfin bugu sai ya cilla majinginin sama da gaba, bayan nan ya koma mazauninsa da kansa. Honda ta sa irinsa a Civic daga 2006 da Accord daga 2008, Nissan ma ta yi amfani da shi sosai. Volvo kuma a 1998 ta bi ta wata hanya da tsarin WHIPS, inda bayan kujerar gaba ɗaya ke ɗan ja baya ya kwanta don ya shanye bugun. Majinginanta na gaba dogaye ne, ba sa hawa ba sa sauka, don haka ko dai su dace da ƙirar jikinka ko kada su dace. Mai motsin ma bai zama lalle ya fi daɗi ba, akwai masu shi da ake kuka da su. Sunan kamfani ba zai gaya maka ba, domin kamfani ɗaya yana canza kujera daga ƙira zuwa ƙira, ƙeyarka ce za ta gaya maka.

Mukan duba inji, mu duba giya, mu sa a leƙa ƙarƙashi, mu ƙwanƙwasa bodi, amma kujerar da za mu zauna a kai shekara biyar ko minti biyu ba ma ba ta. Zauna minti 20 aƙalla, da irin hular ko ɗaurin da kake fita da shi, ka saita komai yadda dattijon nan ya nuna. In uwargida ma za ta riƙa tuƙawa, ita ma ta zauna. Nemi sitiyari mai fitowa, kujera mai hawa sama, majingini mai karkatawa, kada gaggawar dillali ta tashe ka. Wani zai ce to ai gara tsohuwar mota. Ta fi sakin ƙeya, gaskiya ne, amma sakin nan shi ne ainihin aibin da aka yi dokar don gyarawa, ni dai ba zan koma saboda shi ba.

Sai dai kada a ɗora wa majingini laifin da ba nasa ba. Awa huɗu a zaune ba motsi, a hanya mai ramuka, kana riƙe da sitiyari kamar za a ƙwace, ko wace irin kujera ce za ta bar ka da ciwo. Tsayawar salla da ta shan mai dama ce: sauka, ɗan taka, juya kafaɗu, ja haɓa ciki ka riƙe daƙiƙa biyar, sau 'yan kaɗan. Kuma akwai ciwon da ba na kujera ba ne. In yana sauka hannu, yatsu suna sagewa ko kana jin kamar ana tsira musu allura, in abu yana suɓuce maka ko ƙafa ta fara rauni, ko ciwon ya biyo bayan haɗari komai ƙanƙantarsa, likita za a fara gani kafin mai tausa ko mai ɗori. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, manyan asibitoci kuma suna da sashen gashin ƙashi. In kuwa wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi da matsanancin ciwon kai, musamman lokacin zafi, wannan ba maganar mota ba ce, yana iya zama sanƙarau, kuma ba a kwana da shi a gida.

Bakanikena har yanzu yana juya wa mutane, don abin da suke zuwa nema ke nan. Da na koma canjin baƙin mai na sa shi ya zauna a kujerar yadda take yanzu, majinginin na kallon gaba, an ɗaga shi mataki uku. Ya jingina, ya kai hannu ƙeya ya auna, yatsu biyu. Ya ɗan yi shiru, sannan ya kira yaronsa ya ce ya ɗauko masa mukullin motar wata Hajiya da suka juya wa nata da safe, kafin direbanta ya zo ɗauka.